Yadda Ake Tsara Cikin Gida Irin na Italiya Tare da Masu Gidan

Duk mai sana'ar tsara cikin gida a Abuja, Kano ko Kaduna ya saba jin maganar nan: "So nake a yi mini irin na Italiya." Mai maganar yana da kuɗinsa, gininsa ya yi nisa, kuma akwai wani hoto da yake gani a ransa. Sai dai hoton nan ba lallai ne ya zama wanda kake gani ba, sau da yawa ma ba shi ne wanda uwargidansa take gani ba. Aikin da zai ci miliyoyi masu yawa ba a ɗora shi a kan zato. Mabul da fitilu da kujeru ana sayo su daga Italiya, amma tsarin gidan kansa daga bakin waɗanda za su zauna a ciki ake samo shi, kuma kowane mataki da ke ƙasa da su ake taka shi.

Mataki na farko: zaman sauraro

Kada ka je zaman farko da katalog. Tafi da littafi da biro. Ka nemi a zauna da maigida da uwargida tare, in hali ya yi a gidan da suke ciki yanzu, domin a can za ka ga abin da ba za su faɗa ba: kujerar da ta loɓa saboda yawan zama, teburin cin abincin da ya koma wurin ajiye littattafan yara, tarin takalman baƙi a bakin ƙofa.

Tambayoyin da ke fitar da tsari ba su da alaƙa da launi. Mutum nawa ke kwana a gidan, nawa ke wuni? Baƙin Alhaji ta ina suke shiga, kuma suna iya hango cikin gida? Ranar Sallah ko lokacin buɗa-baki mutum nawa ake tarawa? A teburi ake cin abinci ko shimfiɗa ake yi a ƙasa? Ina ake sallar jam'i idan lokaci ya riski baƙi, ina suke alwala? Akwai tsohuwa a gidan da hawa bene ke yi mata wuya? Idan gida mai mata fiye da ɗaya ne, ka sani tun ranar cewa girman ɓangarori da darajar kayan sai sun zo daidai, ko da kowacce ta zaɓi launin da take so. Ka kuma nemi izinin yin magana da mai girki da masu shara. Su ne za su gaya maka inda ƙura ke taruwa da inda mai ke fallatsa.

Abu biyu kada ka tashi ba ka warware su ba. Na farko, wa ke yanke hukunci a kan kowane ɓangare. A yawancin gidaje falon baƙi da matattakala na maigida ne, kicin da ɗakunan kwana da falon ciki na Hajiya. Ka rubuta haka a gabansu. Na biyu, kuɗi. Masu hali ba sa son faɗar adadi, sai su ce "kai dai yi abu mai kyau." Cikin ladabi ka ce, "Ranka ya daɗe, ko iyakar da ba za a wuce ba ce a faɗa mini, don kada in nuna wa Hajiya abin da za a zo a fasa." Wannan jimla ɗaya tana kashe rigimar watanni.

Mataki na biyu: wace Italiya suke nufi

Italiya ba salo ɗaya ba ce, kuma nan ne ake yawan samun saɓani. Akwai tsohon salo mai ginshiƙai da daidaiton hagu da dama, wanda mai zanen gine-gine Andrea Palladio (1508 zuwa 1580) ya kafa a gidajen attajiran yankin Bicenza. Shahararren gidansa La Rotonda murabba'i ne, fuskokinsa huɗu iri ɗaya, da zagayayyen zaure mai kubba a tsakiya. Akwai salon karkarar Tuskani: bango mai launin ƙasa, daɓen jan tubali irin na garin Impruneta kusa da Fulorens, manyan katakai a bayyane a rufi, ƙarfe baƙi. Akwai salon Benis mai fitilun gilashi da madubai da yadudduka masu nauyi. Sai salon Milan na zamani, inda kujera ke da faɗi, ba ta da tsayi, ba sassaƙa, darajarta a fata da ɗinki da katako take.

Sannan akwai na biyar, wanda shi mutane da yawa ke nufi: kujeru masu sassaƙa da ruwan zinari da ake gani a shagunan kayan ɗaki, waɗanda da dama daga cikinsu Turkiyya ko Sin aka ƙera su. Idan shi mai gida yake so, ba laifi ba ne, gidansa ne. Amma ya kamata ya san abin da yake saya da inda aka yi shi.

Yadda za ka gane shi ne ka buga hotuna masu yawa, ka cire sunaye da farashi, ka baje su, ka ce kowannensu ya ware waɗanda yake so da waɗanda ba ya so, shi kaɗai, ba tare da ɗayan yana kallo ba. Tarin "ba na so" ya fi faɗar gaskiya. Daga nan ka zaɓi salo ɗaya ya zama uwar gidan duka, wani ya shigo kaɗan a matsayin baƙo. Ni dai a ganina ginin Palladio da kayan Milan sun fi dacewa da manyan falukanmu, domin tsayin ɗakin yana samun kwarjini, kujerun kuma ba sa cika ido. Gidan da kowane ɗaki ke da salonsa yakan gajiyar da mai zama a ciki kafin shekara ta zagayo.

A nan ne kuma za ka tayar da maganar gumaka da zanen mutane, waɗanda suka cika tsohon adon Italiya. Yawancin gidajen Musulmi ba za su karɓa ba, kuma ba a rasa komai ba. Musulmi sun mulki Palermo ta Sisili daga 831 zuwa 1072, kuma hannun maginansu ya ci gaba da bayyana bayan haka, kamar a fadar Zisa da aka fara ginawa a 1165, mai zauren maɓuɓɓugar ruwa da rufi mai saƙar zuma. A Roma kuwa iyalan Cosmati sun shahara a ƙarni na 12 da na 13 da daɓen da ake jera ƙananan duwatsu masu launi a da'irori da murabba'ai. Duk wannan Italiya ce tsantsa, kuma ka iya ɗauko ta ba tare da siffar mai rai ko ɗaya ba.

Mataki na uku: awo da tsarin ƙasa

Tun ran gini, tun ran zane. Mafi kyawun lokacin shigarka shi ne kafin a yi filasta, lokacin da za a iya matsar da ƙofa ko bututu ba tare da fasa abu mai tsada ba. Ka auna kowane ɗaki da kanka, kada ka dogara da takardar mai zanen gida kawai, domin abin da birkila ya gina yakan bambanta da ita da 'yan santimitoci, kuma kabad ɗin da aka yanko a Italiya ba ya yafe santimita biyu.

Abin da ke sa ɗakin Italiya ya kwanta a ido, kafin a sa masa komai, shi ne daidaiton faɗi da tsawo da tsayi. A littafinsa na 1570 Palladio ya ba da siffofin ɗaki da ya fi so, ciki har da murabba'i, da uku bisa huɗu, da biyu bisa uku, da uku bisa biyar, da ɗaya bisa biyu. Idan falon da ka tarar ya zarce ninki biyu na faɗinsa, raba shi gida biyu da baka ko ginshiƙai biyu, ka yi wurin zama biyu. Ka nemi layin tsakiya: wanda ya tsaya a ƙofar shiga ya kamata idonsa ya miƙe ya sauka a kan abu ɗaya mai kyau, taga ce, maɓuɓɓuga ce a tsakar gida, ko bangon mabul. Tsoffin gidajen Italiya ma da tsakar gida da rumfa mai baka ake gina su, don haka mai gidan da ya taso a gida mai zaure da tsakar gida ba zai ji baƙunta ba idan ka kawo masa wannan.

Sai ka sayi salatif ɗin takarda ka zana girman kowace kujera da teburi da gado a kan daɓe, ka gayyato masu gidan su zagaya. Mutane kaɗan ne ke iya karanta zane a takarda, amma kowa ya san lokacin da hanya ta yi masa ƙunci. Bar aƙalla santimita 90 tsakanin teburin cin abinci da bango, hanyar wucewa a falo kuma mita ɗaya ko fiye, don babbar riga da mayafi suna son sarari. Ranar ne za a tsayar da wurin soket, na'urar sanyaya ɗaki, talabijin da ƙugiyar manyan fitilu. A banɗakuna ka duba alƙibla kafin a kafa masai, kada a zo a fasa tayil daga baya.

Mataki na huɗu: zaɓen kaya, inda aikin yake

Mabul shi ne abin da kowa ke tambaya. Fararen da suka fi suna daga duwatsun Karara suke, a arewacin Tuskani. Wanda ake kira Bianco Carrara yana da ɗan toka-toka da siraran jijiyoyi, shi ne mai sauƙin kuɗi a cikinsu. Statuario da Calacatta sun fi haske, jijiyoyinsu manya ne, na Calacatta wani lokaci da ratsin ruwan zinari, kuɗinsu kuma ya ninka. Botticino na yankin Brescia launin madara ne, ya fi ɓoye ƙura, abin da ke da muhimmanci ga gidan da hunturu zai ziyarta duk shekara. Travertine na Tivoli, dutsen da aka gina bangon Kolosiyam da shi, wato tsohon dandalin wasanni na Roma, yana da ƙananan ramuka. A ƙasarmu a nemi wanda aka cike raminsa, in ba haka ba ƙura ta sami gida.

Ga gaskiyar da dole ka faɗa wa Hajiya kafin a biya: mabul ba ya shiri da tsami. Lemun tsami, tsamiya, zoɓo, ruwan tumatir, duk suna cin ƙyallinsa su bar tabo dishi-dishi, manja kuwa yana shiga jikinsa. Kada ka tsaya a baki. Kawo gutsure biyu, ka ɗiga musu lemun tsami da manja a gabanta, ku bar su zuwa gobe. Idan ta gani da idonta, ita da kanta za ta ce a kai mabul bango da matattakala da zauren shiga, a sa dutsen giranet ko tayil mai ƙarfi a teburin kicin. Yankin Sassuolo kusa da Modena ne cibiyar tayil ta Italiya, kuma suna yin manyan faifai masu kama da mabul, wasu har santimita 160 a 320, waɗanda tsami ba ya yi musu komai. A banɗaki da wurin alwala kada a sa mai santsi ko kaɗan. A nemi mai ɗan kaushi, musamman gidan da akwai tsofaffi.

Mabul yana da nauyi. Faifai mai kaurin santimita 2 yana kai kilo 54 a kowace murabba'in mita, don haka kafin a shimfiɗa shi a bene ko a manna shi a dogon bango, injiniyan ginin ya sa hannu. Ka kuma nemi hoton ainihin faifan da za a yanko, da lambobinsu, saboda dutse ɗaya ba ya kama da ɗan'uwansa. A ƙara kusan kashi 10 cikin 100 a kan awo saboda yanka da karyewa, kuma duk daga dutse guda, don wanda za a sayo daga baya launinsa ba zai zo ɗaya ba.

Bango shi ne inda ake samun Italiya da kuɗi kaɗan. Yaɓen marmorino, wato farar ƙasa da aka toya aka jiƙa, aka haɗa da garin mabul, ana shafa shi siriri-siriri hawa biyu ko uku, a goge da cokalin ƙarfe har ya yi sheƙi mai zurfi da fenti ba ya bayarwa. Yana barin bango ya yi numfashi, amma yana son bangon da ya bushe sarai, don haka sabuwar filasta ta samu aƙalla mako huɗu. Ka sa mai aikin ya yi gwaji a murabba'in mita ɗaya a ɗakin da za a yi, masu gida su gani da safe, da la'asar, da dare a hasken fitila.

Katako kuwa hunturu ne alƙalinsa. Ƙofar da aka haɗa a arewacin Italiya, inda iska ke da laima, idan ta zo Kano ta sha bushewar Disamba da Janairu takan tsuke, ta tsage a mahaɗa. Manyan fuskoki kamar ƙofofin wadirob sun fi zama lafiya idan siririn katako mai kyau ne aka lulluɓa a kan allo mai inganci. Duk katakon da ya iso ya kwana biyu a cikin gidan kafin a kafa shi, kuma a yi maganin gara tun daga tushe.

Ba kowane abu ne sai an shigo da shi ba. Ka ware 'yan abubuwa da ido da jiki ke taɓawa kullum, su ne za a sayo daga asali: kujerun babban falo daga masana'antun Brianza a arewacin Milan, inda kamfanoni irin su Cassina, Minotti da Molteni suke, babbar fitila, famfuna da hannayen ƙofa. Sauran, kamar kabad-kabad da ƙofofin ciki da aikin POP, kafinta nagari a gida zai yi su da maɗaci ko iroko in ka ba shi zane dalla-dalla ka kuma tsaya a kansa. Fatar awakin da ake jemewa a Kano ma Italiya na cikin ƙasashen da ke sayenta, don haka ba abin kunya ba ne a yi allon gado ko tumtum da fatar gida.

Duk abin da aka zaɓa, a haɗa gutsurensa a faranti ɗaya na kowane ɗaki: dutse, katako, yadi, fata, ƙarfe. Masu gida su sa hannu a bayansa da kwanan wata.

Mataki na biyar: haske

Farin ƙwan fitila mai kama da na asibiti yana kashe mabul da marmorino gaba ɗaya. A nemi mai ɗumi, 2700K zuwa 3000K a ma'aunin launin haske, iri ɗaya a duk ɗakin. A yi hawa uku: na sama, na bango, da na teburi ko na tsaye, kowanne da makunninsa. Fitilar Murano, tsibirin da hukumar Benis ta mayar da masu hura gilashi cikinsa a 1291, da hannu ake yinta, a wargaje take zuwa, kuma a kankare ake kafa ƙugiyarta, ba a POP ba. A bar santimita 75 zuwa 90 tsakaninta da teburin cin abinci, a wurin wucewa kuma kada ta sauko ƙasa da mita 2.1. Ka nemi 'yan ganyen gilashi na ajiya tun a odar farko. Ƙarfin wutar Italiya da ta Najeriya ɗaya ne a takarda, bolt 230, amma bakin fulogi ya bambanta, kuma hawa da saukar wutarmu na buƙatar na'urar kariya a babban allon gidan.

Mataki na shida: kicin da banɗaki

Kicin ɗin Italiya da ake gani a hoto, buɗaɗɗe cikin falo, ba don tuƙin tuwo da suyar manja da daka aka tsara shi ba. Mafita ita ce kicin biyu: na gaba mai kyau don shayi da kayan marmari da hidimar baƙi, na baya mai ƙofa da taga babba da injin zuƙar hayaƙi mai fita waje, da sito kusa da shi wanda zai ɗauki buhunan shinkafa. Tsayin teburin girki kusan santimita 90 ne, amma ka auna shi da mai girkin.

A banɗaki kuwa Italiya ta zo daidai da mu, domin tun 1975 dokarsu ta wajabta kwanon tsarki a gidajen zama, don haka kayansu sun san ruwa. Ƙara wurin wanke ƙafa mai ɗan kujera kusa da falon baƙi. Ka kuma duba ƙarfin ruwan gidan, saboda manyan shawa ba sa aiki da tankin sama kaɗai sai an sa famfon turawa.

Mataki na bakwai: kasafi, yarjejeniya da oda

Ka rubuta kasafi ɗaki-ɗaki, ka raba abin da za a biya da yuro da wanda za a biya da naira, ka faɗi a fili cewa canjin kuɗi a wuyan wa yake. Ladanka ya fito a layinsa daban. Idan wani kamfani zai ba ka kamasho, gaya wa mai gida. Ranar da ya ji a wani bakin, amana ta tafi. A ware kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na abin da ba a zata ba.

Kayan Italiya masu daraja sai an yi oda ake ƙera su, suna ɗaukar watanni, sannan ga tafiyar jirgin ruwa da fitarwa a tashar Legas. Masana'antu da yawa suna rufewa a watan Agusta don hutun bazararsu, odar da ta faɗa ciki ta yi asarar makonni. Idan ana son tarewa kafin Sallah ko bikin 'ya, daga ranar za ka ƙirgo baya. Dokar shigo da kaya tana sauyawa: a 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa kayan ɗaki da tayil cikin jerin da ba a ba su dala a kasuwar hukuma, sai a Oktoban 2023 aka janye. Don haka ka zauna da ejan ɗin kwastan kafin a biya kuɗin oda, a buɗe Form M, wato takardar shigo da kaya da ake cikewa ta banki, a yi inshorar kwantena. Idan masu gida suna da halin tafiya, baje kolin kayan ɗaki na Salone del Mobile da ake yi a Milan tun 1961, galibi a watan Afrilu, wuri ne da za su zauna a kan kujera su ji ta da jikinsu kafin su saya.

Mataki na takwas: tsayuwa a kan aiki da miƙa makulli

Jerin aiki ba ya canjawa: wayarin da famfo, POP, shimfiɗa dutse, rufe shi da kwali da allo, kafinta, yaɓen bango da fenti, fitilu, labule, kujeru a ƙarshe. Kafin a manna mabul a jera shi a bushe a ƙasa, a ga yadda jijiyoyin suka haɗu, Hajiya ta zo ta gani. Farin mabul da farin gam ake manna shi, baƙin siminti yana ratsowa ya dusashe shi.

A tsayar da rana ɗaya a mako ta zagayen gida da masu shi, bayan haka ka aika musu taƙaitaccen bayani a rubuce. Sauyin ra'ayi zai zo, sau da yawa bayan wata ƙawa ko wani aboki ya kawo ziyara. Kada ka ji haushi, kada kuma ka amsa a tsaye. Rubuta abin da sauyin zai ci na kuɗi da na kwanaki, wanda ɓangaren yake hannunsa ya amince, sannan a taɓa.

Kafin miƙa makulli ku zagaya tare, a buɗe kowace ƙofa da kowane famfo, a kunna kowace fitila, a rubuta abin gyara. Ka tara masu aikin gidan ka nuna musu da hannu: mabul da ruwa da sabulu marar ƙarfi ake goge shi, ba a sa masa bilic ko ruwan wankin masai, abin da ya zube a share nan take, kujerar fata ba ta zama a rana ko a bakin na'urar sanyi, gilashin fitila da busasshen ƙyalle mai laushi ake share shi. Ka bar musu ragowar dutse da tayil da yadi a sito, da fayil mai lambar kowane launi da takardun garanti. Sannan ka sa a yarjejeniya cewa za ka dawo da kafinta bayan hunturun farko don daidaita ƙofofi, ka kuma ɗiga ruwa a kan mabul: idan ya tsaya dunƙule, maganin kariyar da aka shafa wa dutsen na nan, idan dutsen ya shanye shi ya yi duhu, lokacin sake shafawa ya yi.